Kai Duniya: Ƙauyen Da Ya Bar Kamun Kifi Ya Koma Tarbar Baƙi

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani ƙauyen masunta wai shi Clovelly, gidajensa na maƙale a jikin tudu har zuwa bakin teku. Tun ƙarni na 16 aka gina masa matsayar jirage ta duwatsu. Mutanensa kuwa ba su da madogara sai kamun wani kifi da Turawa ke kira herin. Sana'a ce mai cin rai, domin a 1838 guguwa ɗaya ta hallaka masunta 21.

Da kifin ya ja baya, sai ga jiragen ruwa masu tururi suna kawo 'yan yawon shan iska daga Bristol da Cardiff. Matsayar ta yi wa jiragen kaɗan, saboda haka sukan tsaya can nesa, masunta su ɗebo fasinjoji a kwale-kwale, jakuna su haura tudu da kayansu. Wanda jiya ya ja taru, yau baƙo yake jira.

Daga baya motoci suka kashe kasuwar jiragen, amma baƙi ba su daina zuwa ba, har kuɗin shiga ƙauyen suke biya. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.