Masu Son Zuwa Koriya, Ku Ji Ta Bakin Wanda Ke Can

Da za a tattara wayoyin ɗaliban makarantar nan a duba abin da ya cika memori, na yi imani fina-finan Koriya za su yi kankankan da na Indiya, watakila ma su wuce. Tun zamanin Jumong, wanda aka fara nunawa a 2006, muke tare da mutanen nan, har zuwa Squid Game na 2021. Yanzu ma masu fassara sun sa 'yan Seoul suna zuba Hausa kamar a Ƙofar Soro aka haife su. Ba ni da matsala da kallo, ni ma ina taɓawa idan an kawo wuta. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a wannan zangon namu na ƙarshe kallon ya fara komawa shirin tafiya. A ajinmu kaɗai na ji mutum uku suna zancen wani ejan da zai samo musu bizar aikin kamfani a Koriya ta Kudu, ɗaya har yana cewa babansa ya yarda a saki gona. To, tunda magana ta kai ga gona, ai ta wuce hirar hostal.

Ra'ayina shi ne, duk mai son ƙasar nan ya ajiye fim tukuna ya saurari ɗalibin da ke zaune a can. Ni ina da irin wannan ɗalibin a gida. Yayana ne, ɗan kawuna, tare muka taso a Dabawa, yanzu yana shekararsa ta uku a birnin Daejeon, yana digiri na biyu. Suna gabanmu da awa 8, don haka lokacin da muke sallar asuba shi yana haramar azahar, kuma kusan kullum muna tashi mu tarar da saƙon muryarsa a guruf ɗin gida. Daga waɗannan saƙonni na san wata Koriya da ban taɓa gani a fim ba.

Kukan farko da ya kawo na abinci ne, har yau kuma bai gama ba. Shinkafa dai akwai, safe da rana da dare, fara ƙal mai danƙo, ba mai ba gishiri. Kullum a gefenta akwai kimchi, wato kabeji da aka cuɗa da barkono da tafarnuwa da ruwan kifi aka bar shi ya yi tsami. Satin farko ko warinsa Yaya ba ya so. Daga baya ya tuna cewa mu masu yi wa kimchi yanga daddawa muke jefawa a miya, ita ma kuwa sai ta kwana biyu a rufe take zama daddawa. Yanzu yana ci har da neman ƙari, tunda ƙananan kwanonin da ake jerawa a gefen abinci ba a biyan kuɗin ƙarinsu. Man riɗin da suke yawan zubawa ma yana tuna masa gida.

Ɗanɗano baki yana sabawa da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne alade. A can shi ne naman yau da kullum, ya fi na sa arha nesa ba kusa ba, kuma ba kullum yake fitowa fili ba. Yana cikin romon miya, yana cikin gimbap, shinkafar nan da ake naɗewa da ganyen teku wadda jarumai ke ci a wajen shaƙatawa, yana iya kasancewa har cikin garin ɗanɗanon taliyar leda. Kalmar farko da Yaya ya koyi karantawa da haruffansu ita ce dwaeji-gogi, naman alade, kuma har yau idan ya shiga kanti sai ya tsaya yana bin bayan leda layi-layi kamar mai karanta tambayar jarrabawa. Kaza da naman sa kuma ga batun yanka. Naman halal akwai, musamman a unguwar Itaewon ta Seoul inda babban masallacin ƙasar yake tun 1976, ana kuma yin odarsa a daskare ta intanet, amma aljihun ɗalibi ba ya ɗaukarsa kullum. Saboda haka kifi da ƙwai da awara suka zama abincinsa. Eh, awara, su suna ce mata dubu. Mutumin da ya bar Dabawa yana raina awarar 'yan mata ta bakin makaranta, yau ita ce namansa.

Sai kuma cin abincin dare na taro, wanda malami ke fita da ɗalibansa. A fim abin sha'awa ne, ana gasa nama a tsakiyar tebur ana dariya. Naman nan galibi tumbin alade ne, koren kwalbar da ke kusa da shi kuma soju ce, giya. A al'adarsu idan babba ya zuba maka, ƙin karɓa yana da nauyi. Yaya ya sha bayani kafin a gane cewa ba girman kai ba ne, addini ne. Sun gane daga baya, har suna yi masa odar kifi, amma wanda ba ya jin yaren da me zai yi wannan bayanin?

Sanyi ba zan tsaya a kai ba. A Janairu ma'auni yana sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har digiri 10 ƙasa. Ɗakunansu ta ƙasan daɓe ake ɗumama su. Ya ce hunturun da muke kuka da shi a Katsina, can sunansa yanayi mai daɗi.

Abin da yake yabo ba ya gajiya shi ne zirga-zirga. A tashar bas akwai allo da ke nuna saura minti nawa mota ta iso, kuma tana isowa. Kati ɗaya, T-money, da shi ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jirginsu mai gudu, KTX, wanda ya fara aiki a 2004, yana kai kilomita 300 a awa. Daga Daejeon zuwa Seoul kamar awa ɗaya ce, alhali nisan ya yi kusan Katsina zuwa Kano. Duk wanda ya taɓa zama a tashar Dutsin-Ma yana jiran mota ta cika, huɗu a baya biyu a gaba, direba yana rantsuwa saura mutum ɗaya, ya san abin da wannan labarin ke yi wa zuciya. Wanda ya fi taɓa ni ma ba na jirgi ba ne. Yaya yakan fito daga ɗakin gwaje-gwaje ƙarfe ɗaya na dare ya taka da ƙafa zuwa masaukinsa. Mu 'yan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana mun san dalilin da ya sa iyayenmu ba sa barin mu kama hanya bayan magariba.

A nan nake son 'yan'uwana masu difloma su tsaya. A waɗannan fitowar dare da yake yi, mutanen da yake tararwa a titi masu kayan aiki ne: masu duba fitilun hanya, masu gyaran bututu, masu kwashe shara da aka ware kala-kala. Shekara uku bai ga an ɗauke wuta ba, kuma ba aljanu ke riƙe da wutar ba. Ƙasar nan ta fito daga yaƙin 1950 zuwa 1953 a rushe, tana cikin matalautan duniya, har a shekarun 1960 tana tura 'ya'yanta Jamus ta Yamma haƙar kwal da aikin jinya don su aiko kuɗi. Masu walda da masu haɗa waya da masu sarrafa inji suna cikin waɗanda suka ɗaga ta, su ne kuma suke hana ta lalacewa. Mu kuwa ga madatsar ruwan Zobe a ƙofar gidanmu, an gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta ga garuruwa. Su Koriyawan da suka tashi taimaka wa Najeriya, cikin abin da hukumarsu ta KOICA ta gina har da cibiyar koyon sana'a da fasaha a Lakwaja. Sun san inda ƙarfinsu ya fito. Abin da ke burge baƙo a Koriya aikin ɗan foli ne, irin wanda muke gudun shiga wakshof a kansa, muna jin kunyar a gan mu da baƙin mai a hannu.

Ta fuskar zamantakewa, wasu abubuwan kamar a gida. Ba a shiga ɗaki da takalmi. Da hannu biyu ake miƙa wa babba abu. Kuna haɗuwa za a tambayi shekarunka, don a san wa zai ce wa wani yaya, saboda yarensu ma yana sauyawa gwargwadon girman wanda kake wa magana. Cikin gaisuwarsu akwai tambayar ko ka ci abinci. Amma duk wannan tsakanin waɗanda suka san juna ne. Bahaushe da ya saba gaida duk wanda ya gifta, da tambayar gida da gajiya da iyali, zai sha mamaki: Yaya ya shekara biyu da maƙwabcin ɗakinsa ko sannu ba ta taɓa haɗa su ba. Musulmi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Juma'a ranar lakca ce kamar kowace rana, ranar Sallah ma haka; bara ya sauko daga idi ya wuce aji, da yamma ya kira Inna ta bidiyo yana kallon ana suyar nama, muryarsa ta kasa fita. Kuma ba kowa ke maraba da mu ba. A birnin Daegu, ɗalibai Musulmi na Jami'ar Kyungpook sun fara gina masallaci a 2020, wasu mazauna unguwar suka tashi haiƙan. Kotun ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya a 2022, duk da haka aka riƙa ajiye kawunan alade a bakin wurin ginin.

Su kansu 'yan ƙasar ba a aljanna suke ba. Gasar karatu ta kai a ranar jarrabawar shiga jami'a, a watan Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jirage na ɗan lokaci don kada ƙara ta dami masu jarrabawar sauraro. A 2023 matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Matasan da muke ganin sun gama morewa suna cewa tsadar gida da matsin aiki sun hana su aure.

Na dawo kan ejan. Hanyar da Koriya ke ɗaukar leburorin kamfani daga waje tsari ne na gwamnati da gwamnati, EPS, tun 2004, kuma ƙasashen da ke cikinsa duk na Asiya ne, irin su Nepal da Biyetnam da Bangaladash. Najeriya ba ta ciki, babu ma ƙasar Afirka ko ɗaya. Duk wanda ya ce zai samo maka wannan bizar daga Kano ko Abuja, ko dai kuɗinka zai ci, ko ya tura ka da bizar ziyara ka koma zaman ɓoyo. Malam, kada ka bari a sayar da gonar gado a kan wannan.

Hanyar da Yaya ya bi a buɗe take, sunanta GKS, tallafin karatu na gwamnatin Koriya. Ana nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko kai tsaye ta jami'a. Ba a sayen fom, sai dai kuɗin tantance takardu. Suna biyan jirgi da kuɗin makaranta da alawus na wata-wata, amma sai ka yi shekara guda kana koyon yare ka ci mataki na 3 a jarrabawar TOPIK kafin ka shiga aji. Ana son sakamako na kashi 80 cikin ɗari. Digirin farko sai wanda bai kai shekara 25 ba, na biyu kuma ƙasa da 40. Guraben Najeriya kaɗan ne ƙwarai, kada wani ya ruɗe ka. Ni shekaruna 22, ina karatun lantarki, kuma ina da niyyar gwadawa, shi ya sa na tsaya na bi ƙa'idojin.

Wani zai ce duk na kashe masa gwiwa. Ni dai na ga gara gwiwa ta yi sanyi a hostal da ta yi sanyi a filin jirgin Incheon. Wanda har yanzu yana so bayan ya ji wannan, to ya fara da haruffa. Rubutunsu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, haruffa 24 ne kacal, 14 baƙaƙe, 10 wasula. Mu da muka haɗa ajami da boko tun muna yara, na uku ba zai gagare mu ba. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja tun 2010 tana koyar da yaren, akwai kuma darussan Cibiyar Sejong kyauta a intanet, da datar da bai kai ta sauke fim mai kashi 16 ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai guda biyu ne. A samo mana aji ɗaya da yammacin Asabar don masu son koyon Hangul tare. Ni zan kawo takardun da Yaya ya turo. Sannan a shirya zama ɗaya da majigi a babban ɗakin taro, a kira ɗalibanmu na Arewa da ke karatu a can ta bidiyo, kowa ya yi tambayarsa, har da masu maganar ejan. Yaya ya ce a shirye yake, in dai za a sa zaman da safe, don ƙarfe goma namu shida na yamma ce a wajensu. Neman gurbin digirin farko yakan buɗe wajen Satumba, don haka a yi kafin mu watse.