Hirar Ranar Hutu, Taskar da Ake Bari Tana Zubewa

Duk lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu, ko na Salla, ko na Kirsimeti, ko na ranar 1 ga Oktoba, akwai wani abu da yakan faru a unguwannin Hausawa na Kurmi wanda bai cika shiga jarida ba. A Agege da Idi-Araba da Obalende cikin Ikko, da Sabon Badun, da Sabon Shagamu, bayan sallar la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a aiki yaro ya sayo tsire, mai shayi ya matso da butarsa, abokan da suka yi wata da watanni ba su zauna wuri ɗaya ba su haɗu. Akan fara da tambayar iyali, a gangaro kan tsadar kayan masarufi, a taɓa siyasa har muryoyi su ɗan tashi. Amma da zarar rana ta yi sanyi, sai hira ta karkata ga ƙuruciya, wannan ya tuna ranar da mahaifinsa ya tafi da shi Kumasi, wancan ya ce shi a hanyar Makka ya yi wayo, wani kuma ya ba da labarin hutun makarantar da ya yi a Damagaram wurin gwaggonsa.

Akwai masu ganin irin wannan zama ɓata lokaci ne, har su kira shi majalisar zaman banza. Masu wannan ra'ayi ba su lura da abu biyu ba. Na farko, hutu ba abu ne mai arha ga talaka ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yanka wa ma'aikacin da ya cika wata 12 a bakin aiki hutun da bai kasa kwana 6 ba tare da biya, amma wannan sai ga mai takardar ɗaukan aiki. Mai gadi da ɗan dako da mai sayar da goro da mai canjin kuɗi ba su da wata takarda, ranar da suka zauna ranar ce ba su samu ba. Saboda haka in an ga sun yarda sun rufe tebur sun zo wurin abokai, to, abin da suka zo nema yana da daraja a wurinsu. Na biyu, abin da ake faɗi a kan waɗannan tabarmi tarihi ne, kuma yawancinsa ba a rubuta shi ko'ina ba.

A duba hanyar Gwanja. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna, su yi wata da watanni kafin su isa kasuwar Salaga su sayo goro. Ba manya kaɗai ke bin ayari ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, tun yana saurayi ya bi ayarin Gwanja har Ankara wurin mahaifiyarsa. Abin da ya gani a wannan tafiya shi ya buɗe masa ido, har daga baya ya shiga cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya kuwa rasu a 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma. Dubban yara sun bi wannan hanya bayansa, ba a san sunansu ba. Wanda aka kai zangon Kumasi ko unguwar Nima yana ɗan shekara 8 ba zai iya bayanin cinikin goro ba, amma yana tuna ranar da ya fara ganin teku, da dokunun da ya ƙi ci kwana uku kafin yunwa ta sasanta su, da dariyar da ya yi sa'ad da ya ji yaran zango suna ce wa mace "ya zo". Yana kuma tuna mamakinsa da ya tarar mutanen Gana suna karya kumallo da koko da ƙosai, suna kiran shinkafa da wake da sunan da kowane Bahaushe zai gane.

Waɗanda suka yi ƙuruciya a can ba daɗi kaɗai suke tunawa ba. Cikin watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita daga Gana. Yaran da aka ɗora a kan kaya cikin manyan motoci a wancan lokaci, aka bi da su ta Lome da Kwatano, yau sun haura shekara 60. Su ne za su iya faɗin yadda aka sayar da gida a kuɗin akuya, da yadda aka bar kaka a baya don ba ta iya tafiya. Su ne kuma suka fi kowa jin nauyin abin da ya faru cikin Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, galibinsu 'yan Gana. Matashin da yake ɗaukar jakar nan mai zane-zane da ake kira da sunan Gana bai san kukan da ke bayan sunan ba, sai in ya zauna kusa da wanda ya ga kora ta farko da idonsa.

Sai hanyar gabas. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mai niyyar Makka yakan kwashi iyalinsa ne gaba ɗaya. A bi ta Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lami, wadda aka mayar Njamena a 1973, a wuce Abeshe, a shiga Darfur, a kama jirgin ƙasa a El Obeid, sannan a hau jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago, da yawa a gonakin auduga na Jazira, har tafiyar da aka yi wa lissafin shekara ɗaya ta ci biyar ko fiye. Yara da dama a hanya aka haife su, a hanya suka yi saukar Alƙur'ani. Sun iske 'yan'uwa a can tun da daɗewa, domin bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake kusa da Sinnar. Dattijon da ya yi wannan tafiya yana yaro, in ya ce a Sudan ana kiran gasasshen nama mai yaji "agashe", ba wasa yake yi ba, kalmar Hausa ce ta yi zamanta a bakin Larabawa.

Hanya ta uku ita ce mafi kusa, har ma yaro ba ya sanin ya bar ƙasarsa. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne. Abin da kawai yake nuna masa an shiga wata ƙasa shi ne ƙananan abubuwa: burodi dogo mai tauri, da yara masu cewa za su tafi lakwal, da lissafin kuɗi da dala, inda dala 20 take nufin sefa 100. Wanda ya yi tafiyar kafin watan Afrilu na 1972 yana da ƙarin abin tunawa, domin a lokacin Nijeriya hannun hagu take bi, saboda haka da an wuce kan iyaka sai direba ya koma dama, yaro ya riƙe rigar uwarsa yana tsammanin mota ta ɓace hanya.

Mai karatu zai lura cewa ba ɗaya daga cikin waɗannan yara da aka fita da shi yawon shaƙatawa. Fatauci ne, ko ibada, ko zumunci. Amma duk sun dawo da abu ɗaya, watau sanin cewa duniya tana da faɗi, kuma Bahaushe yana da gida a cikinta tun daga bakin teku har bakin Nilu. Ba banza ba Alhaji Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta a kan tafiyarsa Ingila ta 1943 suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bambancin kawai shi ne Imam yana da alƙalami da maɗaba'a, su kuwa waɗannan ba su da kome sai baki da abokan hira.

Nan ne abin damuwa yake. Hanyoyin da aka bi da yaran jiya ba su buɗe wa yaran yau kamar da ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, a 1979 kuma aka amince ɗan ƙasashenta ya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar arewa, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Rikicin Boko Haram ya sa hanyar Gamboru ta zama abin tsoro shekara da shekaru. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya tarwatsa garuruwan da kakanni suka yada zango a cikinsu. Ga kuma tsadar mota, wadda ta sa magidanci yake lissafi kafin ya kai 'ya'yansa ko da garinsu, balle wata ƙasa. Sakamakon haka, akwai gidaje da yawa da suke da 'yan'uwa na jini a Kumasi ko Yawunde ko Mai Wurno, amma mutum ɗaya tak ya rage wanda ya san sunansu da unguwarsu. Ranar da aka kai shi makwancinsa, zumuncin ya tafi tare da shi.

Maganin abin kuwa ba ya bukatar kuɗi ko izinin hukuma. In hutu ya zo aka shimfiɗa tabarma, kada a kori yara a ce hirar manya ce. A bar su su zauna daga gefe, su zuba shayi, su saurara. Wayar da take hana samari ɗaga kai a majalisa ita ce kuma take iya ɗaukar murya, to, a nemi izinin dattijo a ɗauka. A tambaye shi da ladabi: Baba, wace shekara ce, wane sarki ke kan gado, a gidan wa kuka sauka, wa aka bari a can? A rubuta sunayen a littafi a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Wanda Allah ya hore wa kuwa, ya tuna zumunci a ƙafa yake, ya ɗauki ɗa ɗaya ko biyu ya kai su su ga danginsu na ƙetare a inda hanya take da lafiya, domin gani ya kori ji.

Su ma abokan hira akwai hakki a kansu. Akan sami mai katse dattijo da cewa an sha jin wannan labari. Gaskiya ne an sha ji, amma ba kowa ya ji ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Aiki zai dawo, kasuwa za ta ci, siyasar da aka yi gardama a kanta za ta wuce a manta da ita. Wanda ya ƙetare Bahar Maliya a bayan uwarsa kuwa ba za a sake yin irinsa ba. Allah ya ja kwanan dattawan da suka rage, ya ba na baya kunnen saurare, ya kuma zaunar da ƙasashen nan lafiya har yara su sake bin hanyoyin da iyayensu suka bi.