Sharhi: Ladin Cima da gajerun kalamai masu yawo, wa ke cin moriyar muryar tsofaffin taurari?

A watan Fabrairun 2022, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta bayyana a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa a kan sallame ta da Naira dubu biyu zuwa dubu biyar idan ta fito a fim.

Hirar tana da tsawo, amma wannan gaɓa kaɗai aka gutsuro, kuma cikin 'yan kwanaki ta karaɗe WhatsApp da Facebook da TikTok. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka, yayin da Naziru Sarkin Waƙa ya mara mata baya. Aka yi ta cece-ku-ce, sannan ƙura ta lafa.

Abin da bai lafa ba shi ne tambayar da maganar ta bari: idan muryar ɗan wasa ta zama abin da jama'a ke yaɗawa a kullum, me ke komawa gare shi?

Tun kafin zuwan wayar salula, Hausawa sun saba ɗauko kalamai daga wasan kwaikwayo su shigar da su cikin hirar yau da kullum. Zamanin da Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, ke tashe a Kaduna da Jos, salon maganar Samanja Mazan Fama da Kasimu Yero da Karkuzu ya shiga bakin yara da manya. Ladin Cima na cikin matan da suka fito a talabijin a wancan lokaci, lokacin da ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mace ta tsaya a gaban kyamara a Arewa.

Bambancin shi ne, a da mai kallo ya san shirin daga farko zuwa ƙarshe, ya san wanda ya yi maganar da dalilin yin ta. Yau daƙiƙa goma ake yankowa a liƙa a kan wani hoto, a yi raha a wuce. Matasa da dama sun san fuskar tsohuwar a matsayin abin barkwanci, ba tare da sanin shekarun da ta kwashe tana aiki ba.

Domin a fahimci nisan da irin waɗannan muryoyi ke kaiwa, sai a dubi ƙananan hukumomin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, waɗanda ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, kuma suka daɗe suna fama da hare-haren 'yan bindiga.

A watan Satumban 2021, a zamanin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu. Katsewar ta hana kira da shiga intanet, amma ba ta goge abin da ke cikin wayoyi ba. A irin waɗannan garuruwa, fina-finai da gutsattsarin bidiyo kan bi ta shagunan masu cajin waya da tura fina-finai, daga katin memori zuwa wani, ko ta Xender da Bluetooth, hanyoyin da ba sa buƙatar sabis.

Ga mutumin da fargaba ta hana shi zuwa gona ko fita hira da dare, ɗan abin dariyar da ke cikin wayarsa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wannan wata hidima ce da 'yan wasa ke yi wa al'umma ba tare da an lissafa ta ba. Sai dai a wannan ciniki, mai shago ya karɓi nasa, mai shafin sada zumunta ya tara mabiya, amma mai muryar ko sisi ba ya gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Tushen matsalar yana cikin tsarin biyan kuɗi a Kannywood, inda galibi ake sallamar ɗan wasa sau ɗaya a wurin ɗaukar fim, sau da yawa ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga haƙƙin masu wasa. Amma doka ba ta aiki da kanta. Sai an samu takarda a hannu da ƙungiyar da za ta tsaya ta nema.

A nan ne nauyi ya rataya a wuyan ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN: ta fito da mafi ƙarancin ladan aiki da yarjejeniya a rubuce, tare da asusun kula da dattawan masana'antar. Gidajen talabijin na gwamnati kuma su zaƙulo tsofaffin kasakasan da suka rage, su mayar da su na zamani da sunayen 'yan wasan a jiki, kafin ƙura da zafi su gama da su.

Lokaci ba ya jira. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Zainab Booth a 2021, Usman Baba Pategi Samanja a 2023, Saratu Giɗaɗo Daso a watan Afrilun 2024, Karkuzu kuma a 2025. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, sai gutsattsarin wasanninsu su cika wayoyi na 'yan kwanaki, a yi addu'a, a koma harkokin gaba.

Bai kamata a taƙaita tarihin Ladin Cima a kan maganar Naira dubu biyar ba. Amma matuƙar ba a gyara abin da ta koka a kai ba, wannan magana ce za ta ci gaba da zama shaida a kan masana'antar da ta yi wa hidima.