Zanzaro Da Guntun Fim Ɗin Da Aka Yanke

A shekarar 1979 aka fitar da wani fim mai suna Alien, wanda Ridley Scott ya ba da umarninsa. Labari ne na mutum bakwai a cikin wani kumbo mai suna Nostromo, waɗanda wani dodo ya shigar musu, ya dinga ɗauke su ɗai-ɗai har saura mace guda, Ripley. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun gan shi, domin a yau ba wuya yaro ya tsaya a shagon masu tura fina-finai nan Tudun Wada, ya fito da irinsa a cikin waya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai wani guntu da aka ɗauka aka kammala, amma aka yanke shi kafin fim ɗin ya fita. A ganina malamin ilmin halittu zai fi samun abin koyarwa a wannan guntu fiye da sauran fim ɗin gaba ɗaya.

A cikin guntun, Ripley tana gudun tsira sai ta faɗa wani lungu, ta tarar da abokan aikinta biyu, Dallas da Brett, manne a jikin bango. Brett ya riga ya yi nisa wajen rikiɗa, jikinsa yana komawa ƙwan dodo. Dallas kuwa da sauran numfashinsa, ya roƙe ta ta hutar da shi, ita kuma ta cinna musu wuta. An cire wannan ne saboda yana jan ƙafar labari a daidai lokacin da ake son zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa. Sai a shekarar 2003 aka mayar da shi cikin wani sabon zubi na fim ɗin.

Masu yankan ba su yi don kimiyya ba, amma sun yi wa kimiyya gata. Da yake 'yan kallo ba su ga mutum yana zama ƙwai ba, sai James Cameron ya sami sarari a fim na biyu, Aliens, na 1986, ya kawo sarauniya mai saka ƙwai kamar ta gara ko ta zuma. Wannan ya fi kusa da abin da muka sani. Jikin mutum cike yake da ƙwayoyin gado na mutum, ba zai wayi gari ya zama ƙwan wata halitta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗalibi mai kaifin kai zai ce ai ƙwayar bairos tana shiga jikinmu ta sa shi ya yi ta buga irinta. Gaskiya ne, sai dai da nata ƙwayoyin gadon take shigowa. Wurin aiki da kayan aiki kawai take ara.

To, mene ne ruwanmu da dodon Turawa? Ɗaga kai ka dubi kusurwar ajinku ko bayan ƙyauren ɗakinku, za ka ga ɗan ginin laka na zanzaro, wannan mai siririn ƙugu da muke tunawa da shi duk lokacin da ɗan makaranta ya cusa riga cikin wando. Macen ce take gini. Tana farauto tsutsa, wani irin kuma gizo-gizo yake kamawa, ta harbe ta da dafin da zai sandarar da ita ba tare da ya kashe ta ba. Sai ta jera su a cikin ɗakin, ta saka ƙwai guda ɗaya, ta liƙe ƙofa da laka, ta yi gaba. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya kama cin abincin da aka tanadar masa. Hikimar barin tsutsar da rai ita ce, matacciya za ta ruɓe cikin kwana biyu a zafin ƙasarmu, mai rai kuwa za ta jira. Marubucin fim ɗin, Dan O'Bannon, daga rayuwar irin waɗannan ƙwari masu cin jikin wasu ya aro dabarar dodonsa.

Wanda ya tsaya daga nesa, abin da zai gani shi ne tsutsa ta shiga, zanzaro ya fito. Sai ya yanke hukunci cewa tsutsar ce ta rikiɗa. Mutanen Sin na dā sun daɗe a kan wannan fahimta, suna cewa zanzaro ba ya haihuwa, 'ya'yan wasu yake ɗauka ya mai da su nasa, har sai da wani malaminsu mai suna Tao Hongjing, wanda ya rasu a shekarar 536, ya bayyana cewa ƙwai ake sakawa a ciki. Ashe guntun da aka yanke tsohon kuskure ne aka ɗinka wa sabuwar riga.

Kuskuren kuwa yana nan daram a bakinmu. Mukan ce nama ya yi tsutsa, wake ya yi ƙwari, kamar su suka haife su. Tun a 1668 Francesco Redi na Italiya ya zuba nama a cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da yanki mai shara-shara. Inda ƙuda ya iya sauka a kan naman, nan kaɗai tsutsa ta fito. Ɗalibi zai rubuta wannan a jarrabawa ya ci maki, ya koma gida ya ji an ce waken buhu ya yi ƙwari don kansa, ya kuma yarda. Alhali ƙwaron tun daga gona yake saka ƙwai a jikin kwanson wake, ya ci gaba a cikin rumbu. Waɗannan fararen ɗigo-ɗigo da ake gani a jikin ƙwayar wake su ne ƙwansa. Manomin da ya ɗauka wake ne ke haifar ƙwari ba zai ga dalilin sayen buhu mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga ba. Zai jira asara, ko ya barbaɗa wa abincin mutane guba.

'Yan'uwan zanzaro ƙanana kuma sun yi mana aikin da ba a cika faɗa ba. A 1981 cibiyar IITA ta saki wani ɗan mitsitsi a Ibadan, wanda aka samo asalinsa daga Kudancin Amurka, ya shiga saka ƙwai a jikin farin ƙwaron da ya tasar wa rogon Afirka, har aka shawo kan annobar. A yankin Maradi ma an yi ta sakin wani irinsa a gonaki don ya yaƙi tsutsar da ke huda zangarniyar gero.

Wasu malamai suna ganin shigar da fim cikin darasi wasa ne da aiki. Ni dai shawarata ga malamin sakandare ita ce ya ba yara labarin guntun nan, ko ya nuna musu idan manya ne, domin akwai ban tsoro a ciki. Sannan ya tambaye su ko hakan zai yiwu, ya bar su su yi musu. Washegari a kankaro rufaffen gidan zanzaro da wuƙa, lokacin da uwar ba ta kusa, a fasa shi a hankali a kan farar takarda. A taɓa tsutsar da tsinke, za a ga tana motsi. A nemi ƙwan da gilashin ƙara girma: fari ne, ɗan dogo, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani lokaci a manne da jikin gizo-gizo, wani lokaci yana reto da ɗan zare daga rufin ɗakin.