Ra'ayinmu: Horo Kaɗai Ba Ya Warkar Da Mashayi

'Yan'uwa, gardama ta yi zafi: wasu na cewa a halatta ƙwayoyi, wasu kuma a ɗaure mashaya. A 2001 ƙasar Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da 'yar ƙwayar shansa, amma ba ta halatta sayarwa ba. Kwamiti ke tura shi neman magani. Jihar Oregon a Amurka ta ɗage hukuncin a 2020, wuraren jinya suka kasa, ta mayar da shi a 2024.

Ga matsayinmu: mashayi zai ɗauki alhakin aikinsa, amma jaraba ciwo ce. Dattawan ikilisiya, in kun sa yaro ƙarƙashin horo, kada ku tsaya nan. Ku kai shi asibiti, ku riƙa ziyartarsa. Ubangiji ya ba mu hikima.