KAFIN A SAYAR DA FILI: WACE BIZA CE KE ƊAUKAR IYALI?

A 'yan shekarun nan babu zancen da ya cika bakin samari a majalisu da ƙofofin makarantu kamar zancen fita waje. Abin da mutanen kudu ke kira japa ya hauro Arewa, kuma ba 'yan ci-rani masu jaka ɗaya kaɗai ya ɗauka ba, har da malaman asibiti, injiniyoyi, masu ilimin kwamfuta da malaman makaranta, waɗanda da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Babu wanda zai zargi magidancin da albashinsa ya daina kaiwa tsakiyar wata don ya yi tunanin neman halaliyarsa a wata ƙasa. Abin takaicin shi ne yadda ake shiga lamarin ido rufe. Sai ka ji ɗan uwa ya sa filinsa a kasuwa, ya karɓi sarƙar matarsa, alhali bai taɓa yi wa kansa tambaya ta farko ba, wato shin bizar da yake nema tana ɗaukar iyali, ko kuwa shi kaɗai take ɗauka? In kuma tana ɗauka, a kan wane matsayi za su zauna, kuma har zuwa yaushe?

Ƙasashen da ke ba da bizar ƙwararru ba iyali suke nema ba, hannun aiki suke nema. Mata da yara ragi ne ake yi wa ma'aikaci don ya yarda ya zo, kuma duk ranar da siyasar cikin gidansu ta juya, wannan ragin ake fara janyewa. Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru a Ingila.

A shekarar 2022 mutum fiye da 60,000 ne daga Nijeriya suka samu bizar Ingila a matsayin iyalan ɗalibai, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a shekarar. Hanyar ta zama sananniya: miji ko mata ya samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya, sauran gida su biyo, su kama aiki. Daga Janairun 2024 aka toshe wannan ƙofa, sai ga masu karatun bincike mai zurfi irin na digirin dakta. Sai jama'a suka karkata ga aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. A ranar 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, sannan a ranar 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Ita kuwa babbar bizar ƙwararru, mafi ƙarancin albashin da ake buƙata ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, ya sake tashi zuwa fam 41,700 a Yulin 2025, aka kuma mayar da ita kan ayyukan da ke daidai da matakin digiri. 'Yan ayyukan da ke ƙasa da haka da aka bari na wucin gadi, sababbin masu shigarsu ba su da izinin zuwa da mata da yara. Duk wannan cikin wata goma sha tara ya faru. Dillalin da har yanzu yake tallar aikin kula da tsofaffi a Ingila da alkawarin tafiya da iyali, hajar da ta ƙare a kasuwa yake sayarwa.

Ga wanda ya cika sharuɗɗan ma, akwai lissafin da ba a faɗa a majalisa. Tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya zama fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma dunƙule ake biyansa tun kafin a tashi. Magidanci da matarsa da 'ya'ya uku, in bizar shekara uku ce, fam 13,194 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta na mutum biyar, ban da jirgi, ban da hayar gida. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke shiga ta bizar lafiya an ɗauke musu wannan kuɗi, kuma su har yanzu suna iya zuwa da iyali, shi ya sa hanyarsu ta fi ta kowa tsabta. Amma ita ma sai an ci jarrabawar Turanci da ta hukumar aikin, kuma a 2023 hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, abin da ya jefa har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba cikin sake rubutawa. Dubun wani in ta cika, 'yan ƙasarsa duka ke shan tuhuma.

Ya kamata kuma a san cewa bizar aiki ta Ingila ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki mutum. Takardar ɗaukar nauyi da kamfani ke bayarwa ba ta sayarwa ba ce a doka, amma ita 'yan damfara suka mayar haja suna karɓar miliyoyi. Gwamnatin Ingila da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. In an soke lasisi, galibi kwana 60 ake ba ma'aikaci ya samu wani ubangidan ko ya tattara, kuma bizar matarsa da yaransa a jikin tasa take rataye. A Mayun 2025 gwamnatin ta kuma bayyana niyyar ƙara wa'adin samun zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga akasarin masu zuwa aiki.

Kanada ce ta bambanta, kuma a nan ya kamata magidanci ya tsaya ya natsu. Tsarinta mai suna Express Entry, wanda aka fara a Janairun 2015, ba bizar aiki yake bayarwa ba, zaman dindindin yake bayarwa, ga mai nema da matarsa da 'ya'yansa a lokaci guda. Ba a ɗaure mutum da wani ubangida, yara na shiga makarantar gwamnati, matar na da izinin aiki kamar mijinta. Sai dai gasa ce ta maki, ba layi ba ne. Ana buƙatar aƙalla shekara ɗaya cur ta aikin ƙwarewa, da tantance takardun karatu ta hannun hukuma irin su WES, da jarrabawar harshe irin IELTS wadda mafi ƙaranci shi ne 6 a kowane fanni huɗu, ko da yake mai 6 ba kasafai yake kai labari a gasar ba. Shekarun haihuwa ma maki ne: daga 20 zuwa 29 ake samun cikakke, daga 30 ya fara zaizayewa, a 45 babu ko ɗaya. Ana kuma neman shaidar kuɗi a banki, waɗanda a 2025 suka haura dalar Kanada 28,000 ga iyali mai mutum huɗu, kuma sharaɗi ne kada su zama na rance. A Maris na 2025 aka cire makin da ake bayarwa don samun tayin aiki, saboda yadda aka mayar da takardun tayin abin saye da sayarwa.

Akwai abu biyu a tsarin Kanada da suka shafi mutanen wannan yanki kai tsaye. Na farko, ilimin mace maki ne. Karatunta da harshenta da ƙwarewarta na iya ƙara wa miji har maki 40, kuma in ita ce ta fi ƙuruciya ko ita ce ma'aikaciyar jinya, sau da yawa hikima ita ce ta zama mai nema, miji ya biyo a bayanta. Saurayin da ya cire amaryarsa daga makaranta a aji biyar na sakandare, yau kuma yake mafarkin Toronto, da hannunsa ya rage wa kansa maki. Na biyu, tun 2023 Kanada ke ware zaɓe na musamman ga wasu rukunai, cikinsu har da ma'aikatan lafiya, masu sana'ar hannu da masu jin Faransanci, kuma makin da ake yanke wa masu Faransanci ya sha zama ƙasa da na saura nesa ba kusa ba. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Garwa da ya yi karatunsa da Faransanci yana riƙe da abin da ɗan Kano ba shi da shi, in dai zai zauna ya ci jarrabawar harshen. Duk da haka Kanada ma ta ja linzami: a Oktoban 2024 ta rage adadin masu zaman dindindin na 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Ostareliya irin wannan tsarin maki take bi, mafi ƙaranci 65, kuma wanda ya cika 45 ba ya ciki. Sai hukumar sana'ar mutum ta can ta tantance shi tukuna. Jamus ta buɗe katin neman aiki a Yunin 2024, wanda ke ba mutum shekara ɗaya ya je ya nemi aiki da guzurinsa, amma wannan kati na mai nema ne, iyali sai aiki ya samu an sauya takarda, kuma mafi yawan ayyuka, musamman na asibiti, sai da Jamusanci. Amurka kuwa a cire ta daga lissafi tukuna. Tun 2013 aka fitar da Nijeriya daga cacar biza, a Satumbar 2025 aka ɗora dala 100,000 kan sababbin takardun neman bizar ƙwararru ta H-1B daga waje, sannan a Disambar 2025 aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, aka sa Nijar cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa, bayan Chadi da Sudan da suka riga shiga tun Yuni.

Da yawa daga 'yan uwa zuciyarsu ta fi kwanciya da Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, don tarbiyyar yara da kusanci da Harami, kuma dalili ne mai ƙarfi. Likitoci da malaman jami'a na samun aiki a can, bayan tantance takardu da jarrabawar hukumar lafiya, kuma mai irin wannan matsayi na iya ɗauko iyalinsa. Amma a sani, iƙama ba zaman dindindin ba ce. Ranar da kwantiragi ya ƙare, ranar zaman gida duka ya fara ƙarewa, ko da an haifi yaran a Jidda sun girma a can. Tun Yulin 2017 Saudiyya ke karɓar haraji kan kowane mutum da ma'aikaci ke ɗauke da shi, wanda ya fara daga riyal 100 a wata ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu riyal 24,000 ke nan a shekara, kafin kuɗin makaranta. Ita kuwa tsohuwar hanyar shiga da bizar Umara a ɓace cikin gari, kowa ya san inda take ƙarewa: gidan Tarhil, da yaran da suka tashi ba takardar ko wace ƙasa.

Sai maganar da dillalai ba sa taɓawa, wato me kalmar iyali ke nufi a wurin jami'in biza. A gidan Bahaushe iyali ya haɗa da uwa, da ƙanen da ake riƙo, da marayan ɗan uwa, da mata biyu ko uku. A takardar Ingila da Kanada da Ostareliya iyali mata ɗaya ce da 'ya'yan cikinsa. Mai mata biyu ɗaya zai rubuta, kuma a Kanada auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokar ƙasa. Wace za a bari, da wa za a bar ta, kuma ina adalcin kwana da ciyarwa? Wannan tambaya ce ta gaban malami da iyayen matan, tun kafin ta zama ta ofishin jakadanci. Masu rubuta amarya a matsayin ƙanwa, ko 'ya'yan wannan ɗaki a matsayin na wancan, su sani ƙarya a takardar biza na jawo haramcin shekara biyar a Kanada, har zuwa goma a Ingila, ban da cewa ana iya neman gwajin jini. Ɗan riƙo ba ya shiga sai da hukuncin kotu da ƙasar ta amince da shi. Yaro kuma yana fita daga lissafi in ya cika 18 a Ingila, ko 22 a Kanada. Uwa da uba ba sa cikin takardar farko ko kaɗan, kuma wanda shi ne ke ɗauke da tsohuwarsa ya san nauyin da zai bari a baya.

Abin da ya fi kayar da mutanen Arewa a wannan fage ma bai kai duk waɗannan girma ba: takardu. An ɗaura aure a masallaci gaban shaidu, babu takardar shaida. An haifi yara a gida, ba a je Hukumar Ƙidaya an karɓi takardar haihuwa ba. Ranar haihuwar da ke fasfo dabam, ta katin ɗan ƙasa dabam, ta sakamakon WAEC dabam, a wata takardar Muhammad, a wata Mohammed, a wata Mamman. Jami'ar da aka gama kuma sai ta shafe watanni ba ta aika sakamako ga masu tantancewa ba. Gyaran waɗannan ba ya buƙatar sayar da fili, kuma yana da amfani ko an tafi ko ba a tafi ba. Sharuɗɗan kowace biza suna rubuce kyauta a shafin intanet na gwamnatin ƙasar, tare da ranar da aka sauya su, kuma Ingila na wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje. Duk wanda aka kawo wa tayin aiki, ya fara neman sunan kamfanin a wannan jerin kafin ya fitar da ko naira ɗaya.