Yardar Dole: Bayanan Baƙo a Hannun Masu Shafukan Intanet

Duk wanda ya taɓa leƙa wani shafin intanet ya san ɗan akwatin nan da kan tare masa hanya, yana neman ya latsa "Na yarda" kafin ya wuce. Galibin mutane latsawa suke yi ba tare da wani tsokaci ba, kamar mai korar ƙuda. Daga wannan lokaci kuwa mai shafi ya sami hujjar da zai kafa ko a gaban alƙali, cewa baƙo da kansa ya miƙa bayanansa. Abin tambaya shi ne, shin wannan latsawa ta cancanci a kira ta yarda?

Kafin amsa wannan, ya kyautu a san abin da ake karɓa. Akwai wanda baƙo kan rubuta da hannunsa, wato suna da lambar waya da adireshin imel. Wannan shi ne ƙarami. Babban shi ne wanda ake ɗiba bai sani ba: lambar da ke nuna inda na'urarsa take a intanet, da irin wayarsa, da sa'ar da ya shigo, da abin da ya tsaya a kai, da inda ya fito. Daɗin daɗawa, shafin kan ajiye wani ɗan guntun rubutu a cikin na'urar, wanda ake kira kuki, tamkar shaidar da makiyayi kan yi wa dabba a kunne don ya gane ta in ta dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙago shi a kamfanin Netscape cikin 1994, kuma da kyakkyawan nufi, domin shafi ya iya tuna mai sayayya da kayan da ya zaɓa. Amma daga baya kamfanonin talla suka shiga dasa nasu kukin a dubban shafuka, ta yadda mutumin da ya nemi bayanin wata cuta da safe zai ga tallan maganinta na bin sa har dare.

To, ina yarda a nan? A cinikin kasuwa ma, ba a cewa ciniki ya faɗa sai mai saye ya ga haja, mai sayarwa ya ji farashi. Sharuɗɗan da shafuka kan rubuta kuwa dogaye ne, cikin Ingilishin lauyoyi, wanda ko ɗan jami'a sai ya yi gumi. A 2008 wasu masana biyu na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, sun ƙiyasta cewa mutum zai ɓatar da wajen awa 244 a shekara in har zai karanta sharuɗɗan duk shafukan da yake ziyarta. Wannan fa ga mai jin Ingilishi ke nan. Takardar da aka san ba za a karanta ba, ba don a karanta aka rubuta ta ba. Garkuwa ce kawai ta mai shafi.

Abin da ya auku da Facebook ya isa misali. Wani malami a Jami'ar Kambirij, Aleksandr Kogan, ya shirya wasu tambayoyi na gwajin hali, mutum kimanin 270,000 suka amsa, suka kuma latsa yarda. Ta hannunsu aka kwashi bayanan abokansu, waɗanda ba a ko shawarce su ba, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Da asiri ya tonu a 2018, Facebook ya ce abin zai iya shafar mutum miliyan 87. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5. Tara dai ta shiga baitulmali, amma bayanan da suka fita ba su da hanyar komowa. Magana zarar bunu ce.

Ajiya ita ma wata matsala ce. Abin da aka tara ba ya ruɓewa, kuma rumbu in ya cika shi ɓarawo kan nufa. Kamfanin Yahoo ya bayyana a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa, kimanin biliyan 3. Shekara uku masu asusun suka yi kafin su fara jin labari.

Masu kare shafukan kan ce ai kyauta ake shiga, kuma da kuɗin talla ake biyan ma'aikata. Wannan gaskiya ce, ba kuma mai cewa a yi aiki a banza. Sai dai in bayanan mutum ne kuɗin shiga, to, a faɗa masa farashin a fili, a kuma sa ƙofar "Ban yarda ba" ta yi faɗi ɗaya da ta "Na yarda", maimakon a ɓoye ta a can ƙuryar shafi.

Doka ta fara motsi. Tarayyar Turai ta soma aiki da tata a watan Mayu na 2018, Nijeriya kuma ta sami dokar kare bayanai a watan Yuni na 2023, tare da hukumar da za ta sa ido. Dokar ta ba mutum ikon ya nemi sanin abin da aka tara a kansa, ya sa a gyara ko a goge, ya kuma janye yardarsa. Ta wajabta wa mai ajiya ya kai rahoton kutse mai haɗari cikin awa 72. Har ma ta ce shiru ba yarda ba ne, saɓanin abin da akan ɗauka a wasu lamurran. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci Meta, uwar Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma kotun sauraron ƙarar ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Amma akwai giɓin da ya rage. Dokar ta ce a yi bayani a taƙaice, a fili, yadda waɗanda abin ya shafa za su fahimta. In kuwa haka ne, shafin banki ko na neman aiki da ke karɓar lambar ɗan ƙasa daga ɗan tireda a Kantin Kwari bai sauke nauyi ba muddin Ingilishi kaɗai ya yi masa. Ya kamata hukumar ta tilasta taƙaitaccen bayani da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, a rubuce da kuma a murya saboda wanda bai yi boko ba, mai amsa tambaya huɗu: me za a ɗauka, don me, wa za a ba, kuma har yaushe za a riƙe. Kalmomin da za a yi wannan aiki da su, irin su kuki da rumbun bayanai da janye yarda, har yanzu kowa da yadda yake fassara su, kuma daidaita su aiki ne da ke jiran sassan Hausa na jami'o'i.